Tocilar Aiki da Tocilar Aljihu: Wane Haske Ne Zai Ishe Ka?

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga waɗanda aikinsu ke farawa lokacin da sauran mutane ke neman makwanci: masu gadin gidaje da kasuwanni da makarantu, 'yan sintirin unguwa, jami'an tsaro a bakin hanya, ma'aikatan jinya da ungozomomi masu kwanan asibiti, direbobin dogon zango, da manoman rani masu ban ruwa da dare. Allah ya tsare ku, ya sa ku wayi gari lafiya.

Yau maganarmu a kan tocila ce. Da wuya ka shiga gidan da babu ita, domin wuta kan ɗauke ba sallama, kuma dare ba ya jiran kowa. Amma yawancinmu yadda muke sayenta ɗaya ne. Mai kaya zai kunna ta, ya haska rufin rumfa, ya ce, "Alhaji, wannan ai rana ce." Sai ya juya kwali ya nuna maka lamba: 10,000, ko 50,000, wani lokaci har 100,000. Ka ga lamba ta cika ido, ka biya, ka tafi. A daren farko ka yi murna. A dare na uku, wajen ƙarfe biyu, lokacin da kare ya fara haushi a bayan katanga, ka danna makunni ka tarar hasken ya koma ja, ko tafin hannunka da ƙyar kake gani.

Saƙona na yau guda ɗaya ne. Tocilar kirki ita ce wadda haskenta ya kai inda kake son gani, ya ɗore har ka tashi daga aiki, kuma bai kashe maka ido ba. Duk wanda ya riƙe waɗannan sharuɗɗa uku, lambar kan kwali ba za ta ruɗe shi ba. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da waccan lamba. Ana kiran ma'auninta lumen, a kan kwali za ka ga an rubuta harafin l da m. Lumen shi ne jimillar hasken da ke fitowa daga fitila, duk inda ya nufa. Kyandir ɗaya yana ba da lumen 12 ko 13. Tocilar wayar salula yawanci ba ta wuce lumen 50 ba. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, wanda yake haska falo guda, lumen 800 ne. Fitilar gaban mota guda ɗaya, irin ta da, tana tsakanin 1,000 da 1,500.

To, ku auna da kanku. Idan fitilar mota ba ta wuce 1,500 ba, ta yaya 'yar tocilar roba da ke shiga aljihun riga za ta ba da 100,000? Kafin a sami wannan haske ana bukatar wuta kusan irin wadda dutsen guga ke ja. Akwai tocilar da ke kaiwa haka da gaske, kamar Imalent MS18 ta ƙasar Sin, sai dai ƙwanta 18 ne, manyan baturanta 8, akwai fanka a cikinta saboda zafi, nauyinta kusan kilo 2, kuma ko ita ɗan lokaci kaɗan take riƙe wannan haske sannan ta sauka. Don haka in ka ga irin wannan lamba a jikin ƙaramar tocila mai araha, ka san rubutu ne kawai.

Tarihi ma zai kwantar mana da hankali. A shekarar 1899 aka yi wa wani Baturen Ingila mai suna David Misell rajistar ƙirƙirar tocilar hannu a Amurka, kuma kusan shekara ɗari bayan haka duk da ƙwai mai zaren wuta aka yi ta amfani. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da kamfanin SureFire ya fito da ƙaramar tocilarsa 6P mai lumen 60 da 'yan kai, 'yan sandan Amurka sun ɗauke ta a matsayin fitila mai ƙarfin gaske. Abin da ya sauya lamarin shi ne ƙwan LED. Masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka samar da shuɗin LED mai haske, wanda daga shi aka sami farin, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Yau tocilar aljihu mai kyau ta ninka ta 'yan sandan wancan lokaci sau goma. Ke nan ƙarancin haske ya daina zama matsalarmu. Abin da ya rage mana shi ne sanin yadda za a zaɓa.

Sharaɗi na farko, nisa. Ku ɗauki tiyon ban ruwa. Ruwan da ke fitowa daga famfo adadinsa ɗaya ne, amma in ka sake bakin tiyo sai ya zube a gabanka ya jiƙa fili mai faɗi, in kuwa ka matse bakin da babban yatsa sai ya tafi can nesa ya faɗa wuri ɗan ƙarami. Yawan ruwan shi ne lumen. Ƙarfin tafiyarsa zuwa nesa shi ake kira kandela, a kan kwali ana rubuta harafin c da d. Shi ya sa tocila biyu za su zama duk lumen 500, ɗaya ta haska tsakar gida fes amma ta kasa kai ƙarshen layi, ɗaya kuma ta nuna maka mutum a ƙarshen layi amma ta bar gefenka cikin duhu. Bambancin yana ga kwanon nan mai sheƙi da ke kewaye da ƙwai. In yana da faɗi da zurfi, yana tattara haske ya aika nesa. In ƙarami ne, yana baza shi kusa.

Tun 2009 akwai ƙa'idar gwaji da manyan kamfanonin tocila suka amince da ita a Amurka, ana kiranta FL1. A wannan ƙa'ida, nisan da ake rubutawa a kwali shi ne inda hasken ya ragu ya koma daidai da na farin wata a daren sha huɗu. Lissafin kuwa haka yake: kandela 2,500 tana kai mita 100, kandela 10,000 tana kai mita 200, kandela 40,000 tana kai mita 400. Ku lura, kafin nisa ya ninka sau 2, sai kandela ta ninka sau 4.

Amma Malam maigadi, a farin wata za ka ga akwai mutum tsaye, ba za ka gane fuskarsa ba, balle ka san sanda ce a hannunsa ko adda. Saboda haka nisan da aka rubuta, ka raba shi gida uku, ka ɗauki kashi ɗaya a matsayin nisan aiki. Tocilar da aka rubuta wa mita 200 za ta nuna maka fuska da hannu sosai a mita 60 zuwa 70. In filin da kake gadi ya kai tsawon filin ƙwallo, wato mita 100 da 'yan kai, nemi wadda aka rubuta wa mita 300 ko fiye.

Sharaɗi na biyu, ɗorewa. A nan ne aka fi cutar mai saye. Batirin caji da ya fi yawa a tocilolin ƙarfe shi ne wanda ake kira 18650, kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Mai kyau daga cikinsu yana iya ba da wat 12 na tsawon awa ɗaya, ko wat 1 na tsawon awa 12. Hasken lumen 1,000 yana cin kusan wat 10, ke nan awa ɗaya da 'yan mintoci batir ya ƙare. A lumen 300 zai kai ka awa 4 zuwa 5. A lumen 100 zai kai awa 12 ko fiye. Mai gadin da ya kama aiki bayan Magariba ya tashi bayan Asuba yana da awa 11 a gabansa. Kowa ya yi wannan lissafi ya san matakin da zai riƙa amfani da shi.

Sannan ga zafi. Ƙaramar tocila ba ta iya fitar da zafin wat 10 daga jikinta, don haka matakin ƙoli, wanda ake rubuta wa Turbo, minti 1 zuwa 3 yake yi, sai na'urar ciki ta rage shi da kanta don kada ƙwai ya ƙone. Ƙa'idar FL1 kuwa tana auna lumen ne tsakanin daƙiƙa 30 da minti 2 bayan kunnawa, tana kuma ƙirga tsawon aiki har lokacin da haske ya koma kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Ma'ana, kwali zai iya cewa lumen 1,000 na awa 4, kuma bai saɓa ƙa'ida ba, alhali bayan minti 3 hasken ya sauka zuwa 400, daga baya ya ƙara sauka. Tambayar da ta kamata ka yi ita ce: nawa take riƙewa bayan ta yi zafi? Kamfanoni masu mutunci sukan rubuta wannan a takardar da ke cikin kwali.

Jama'a, za mu ɗan sha iska, in mun dawo mu duba sharaɗi na uku, wato idon mai riƙe da tocilar.

(Gajeren kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Ga waɗanda suka kamo mu yanzu, muna magana ne a kan yadda ake zaɓen hasken tocila, ta aiki da ta aljihu.

Allah ya hore wa idon ɗan Adam sabawa da duhu, amma sabon yana ɗaukar lokaci: minti 20 zuwa 30 kafin ido ya kai ƙarshen ganinsa a duhu. Haske mai ƙarfi kuwa cikin daƙiƙoƙi yake rushe wannan sabo.

Ku dubi mai gadin sito da ƙarfe ɗaya na dare. Ya zauna a duhu ya daɗe, idonsa ya saba, yana iya ganin inuwar katanga da motsin kyanwa. Ya tashi zagaye, ya je duba kwaɗon ƙofa. Ƙofar ƙarfe ce mai farin fenti. Ya kunna lumen 1,000 daga taku biyu. Hasken ya bugi fenti ya dawo masa cikin ido, ya runtse, ya kau da kai. Ya kashe tocila ya juya wajen lungun da buhuna suke, babu abin da yake gani sai wani koren tabo yana yawo a gabansa. A wannan ɗan lokaci, ko mutum ne a tsugune taku biyar daga gare shi, ba zai gan shi ba. Da lumen 30 ya duba kwaɗon, da ya ga abin da yake so, idonsa kuma yana nan da ganinsa.

Akwai wani abu kuma. Ido ba ya ƙirga haske yadda na'ura ke ƙirgawa. Masu harkar fitilu sukan ƙiyasta cewa sai lumen ya ninka kusan sau 4 kafin ido ya ji haske ya ninka sau 2. Tsakanin 800 da 1,000, da ƙyar za ka ga bambanci, amma batir zai ji a jikinsa, aljihunka ma haka. Kada ka ƙara kuɗi mai yawa a kan irin wannan tazara.

To, yanzu mu zo kan tocilar aljihu, wadda mutum zai riƙa yawo da ita kullum. Babbar falalarta ita ce kasancewarta tare da kai. Wadda ta yi nauyi za a bar ta a gida, kuma ranar da aka bar ta ranar ake nemanta. A nemi ƙarama, mai batir ɗaya, mai matakai uku.

Mataki na ƙasa, lumen 1 zuwa 5. Mutane da yawa suna raina shi, alhali shi ne aka fi amfani da shi a cikin gida. Uwargida, da shi za ki duba jariri a gidan sauro ba tare da kin tashe shi ba, ki karanta rubutun kwalbar magani, ki nemo makulli a jaka. A wannan mataki batir yana kwanaki. Mataki na tsakiya, lumen 30 zuwa 100, shi ne na tsakar gida, na zuwa makewayi, na tafiya masallaci da Asuba, na duba mitar wuta ko janareta. Mataki na sama, lumen 200 zuwa 500, na canza tayar mota a bakin hanya, ko leƙa bayan gida in an ji motsi. Haskenta ya zama mai faɗi, domin mai tafiya a ƙasa yana bukatar ganin inda zai sa ƙafa da abin da ke gefensa. Kandela 1,000 zuwa 5,000 ta wadatar.

Wannan magana ta ganin inda za a sa ƙafa, magana ce ta rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, kuma cikin shawarwarinta na kariya akwai riƙe fitila da sa takalmi in za a yi tafiyar dare. A ƙasarmu kububuwa ce ta fi yin ɓarna. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma da magariba da dare take fita. Mutanen Kaltungo a Jihar Gombe, inda asibitin masu saran maciji yake, sun fi kowa sanin haka. Mai zuwa gona ko ɗebo itace da duhu ya riƙa haska ƙasa taku uku zuwa biyar a gabansa, da haske mai faɗi na lumen 100 ko fiye. Tocila mai tsinin haske za ta nuna maka bishiyar da ke can nesa, ta ɓoye maka abin da ke kwance a gefen ƙafarka.

Wani zai ce, ai wayata tana da tocila. Gaskiya ne, kuma tana maganin neman takalmi a ɗaki. Sai dai haskenta ba ya zuwa nesa, kuma tana shanye cajin da za ka kira taimako da shi. A daren da abu ya faru, kana bukatar haske da waya a lokaci guda.

Tocilar aiki kuma sha'aninta daban. Ga mai gadi da ɗan sintiri da jami'in tsaro, a nemi wadda za ta riƙe lumen 300 zuwa 500 na sa'o'i ba tare da ta sauka ba, tana da matakin ƙoli na 1,000 ko fiye don ɗan lokaci, tana kuma da matakin ƙasa na rubutu a littafin aiki da duba katin shaida. Kandela 10,000 zuwa 25,000 ta isa gida ko makaranta ko layin unguwa. Mai tsaron gona ko garke ko babban sito ya nemi 40,000 ko fiye. Haskenta ya kasance da cibiya mai ƙarfi a tsakiya da kuma yalwa a kewaye, don kana duban nesa kana kuma ganin gefenka.

A duba makunni sosai. Wanda ke gindin tocila ya fi, domin babban yatsa yana samunsa a duhu ba lalube. Kuma ta riƙa kunnuwa a matakin da ka sani kowane lokaci. Irin wadda sai ka danna sau biyar, ta bi ta mai ƙarfi, ta bi ta mai ƙyaftawa, kafin ta mutu, ba ta dace da aikin tsaro ba, domin a lokacin firgici hannu ba ya ƙirga dannawa. A sami batir na biyu cike da caji, in da hali ma da ƙaramar tocila ta biyu a aljihu.

Ku tuna kuma, kafin tocilarka ta nuna maka mutum, ta riga ta nuna masa inda kake, domin ana hango haske daga nisan da ya ninka inda yake kaiwa. Gogaggun masu gadi ba sa yawo da ita a kunne dare duka. Sukan kunna, su duba, su kashe, su matsa daga wurin, kuma sukan riƙe ta nesa da ƙirji. Aikin mai gadi shi ne ya gani da wuri ya sanar da jama'a da hukuma, ya kuma tsira da ransa.

Ga ma'aikatan lafiya, yawan haske ba shi ne kan gaba ba, ingancin launinsa ne. Ƙwan LED mai araha yana ba da fari mai shuɗi-shuɗi, wanda ke sauya launin fata da na jini. A nemi wanda aka rubuta wa 4000K zuwa 5000K a ma'aunin launin haske, da kuma CRI 90 ko fiye, wato ma'aunin yadda fitila ke nuna launi na gaskiya. Duba maƙogwaron yaro ko ƙwayar ido kuwa 'yar ƙaramar tocila mai kamar biro ake so, mai lumen kaɗan. Ungozoma da makanike da mai ban ruwa, hannu biyu suke bukata, don haka tocilar goshi mai lumen 100 zuwa 300 ta fi musu komai. Masu aiki a gidan mai ko wurin ɗura iskar gas su nemi wadda ke ɗauke da alamar Ex, wadda aka ƙera don kada ta yi tartsatsi. A gida ma, in an ji warin gas, a buɗe ƙofa da tagogi a fita, kada a kunna komai a cikin ɗakin, har da tocila.

Sai lokacin hunturu. In hazo ya sauka, ƙurar da ke cikin iska tana maido da haske cikin idon mai riƙe da fitila, sai ka ga farin bango a gabanka. Ƙara haske a nan ƙara makanta ne. Rage mataki, ka sauke tocilar zuwa ƙugu don hasken ya yi nesa da layin idonka. Haske mai ɗan ruwan ɗorawa ya fi sauƙi ga ido a irin wannan yanayi. Ƙura da ruwan damina kuma suna shiga jikin tocila, don haka a duba alamar IP. IPX4 tana jure yayyafi da fantsama. IPX7 tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. In ka ga IP67 ko IP68, lambar 6 tana nufin ƙura ba ta shiga. Irin tocilar nan da ake jan kanta gaba da baya don matse haske, tana asarar haske mai yawa in an matse ta, kuma jan da ake yi yana zuƙo ƙura da danshi ciki.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kafin ka biya, roƙi mai kaya ya bar ta a kunne a matakin sama na minti 5. Dubi ko hasken ya faɗi warwas. Taɓa kanta: in ta ƙarfe ce, ɗumi alama ce tana fitar da zafi yadda ya kamata. Girgiza ta, ka ga ko hasken yana yankewa. Sa ta a matakin ƙasa ka kaɗa yatsunka da sauri a gabanta. In ka ga yatsun suna rarrabuwa ɗaya-ɗaya, tana ƙyaftawa a ɓoye, kuma hakan yana gajiyar da ido. Kwance gindinta ka duba ko akwai zoben roba mai hana ruwa. Sannan ciro batir. Na gaskiya 18650 yawanci ba ya wuce 3,500 ko 3,600 mAh, wato ma'aunin cajin da yake ɗauka, nauyinsa kuma giram 45 zuwa 50. In ka ga an rubuta 9,900 kuma ka ji shi sakayau a hannu, mayar da shi.

Batirin litiyam, irin 18650 ɗin nan, yana son kulawa. Kada a bar shi a gaban mota cikin rana. Kada a sa shi tsirara a aljihu tare da makullai ko tsabar kuɗi, domin ƙarfe na iya haɗa kansa da gindinsa ya kama wuta. Wanda ledar jikinsa ta yage, ko ya kumbura, a daina amfani da shi. Kada a yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi. Tocila mai ƙarfi in ta kunnu da kanta a aljihu tana iya ƙona tufafi, don haka a ɗan sassauta murfin gindinta kafin a ajiye. Tocilolin roba da ake soka su kai tsaye a soket, da yawansu batirin dalma ne a ciki, wanda ke mutuwa in an bar shi babu caji, saboda haka a caja su da zarar an kawo wuta. Batura marasa caji kuma a cire su in za a daɗe ba a yi amfani da tocila ba, don kada su zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki.

Akwai kuma ladabin riƙe tocila, wanda iyayenmu suka koya mana. Ba a dalle mutum a fuska. In ka haɗu da wani a lungu, haska ƙasa tsakaninku, ka yi sallama; hasken da ya taso daga ƙasa ya isa ka gane shi. 'Yan'uwa masu tsayawa a shingen bincike, ina roƙonku, kada ku dalle direba ko mai babur a ido yana tafe. Na 'yan daƙiƙoƙi ba ya ganin hanya, kuma ku ne a tsaye a gabansa. Ku haska ƙasa ko jikin motar har ya tsaya. Matakin nan mai ƙyaftawa da sauri yana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu, don haka a guje shi cikin jama'a. A kuma hana yara wasan haska idon juna.

Kafin mu yi sallama, ga aikin da zan bar muku. Mai aikin dare, gobe da rana ka taka daga inda kake zama zuwa lungu mafi nisa da kake tsaro, ka ƙirga takunka. Ka ƙirga awannin aikinka. Da waɗannan lambobi biyu za ka shiga kasuwa: nisan da ke kan kwali ya ninka naka sau 3, matakin tsakiya kuma ya ɗauke ka har gari ya waye. Ku kuma masu gida da shugabannin makarantu da kwamitocin unguwa, wanda kuka ɗora wa amanar tsaron rayukanku da dukiyarku, haƙƙinsa ne ku ba shi tocilar kirki da batir na biyu da wurin yin caji. Kada a bar shi ya cire daga ɗan albashinsa ya sayi ta araha.

A nan za mu dakata.

(Kiɗan rufe shiri)